Ƙanina ya bar kodin amma zaƙi kawai yake ci, me zan riƙa dafa mishi?

Maman Ilham, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Ƙanina ne autanmu, ya jima yana shan kodin da tiramol bamu sani ba sai da abu ya ci tura, yanzu alhamdulillah an sallamo shi daga asibiti yana wajena tunda Hajiya jikinta ba zai ɗauki ɗawainiyarshi ba. Matsalar ita ce abinci. In na yi tuwo sai ya tsakura kaɗan ya ture, amma lemon kwalba da biskit da alawa kam ko nawa ne zai tashi da su, shayi kuwa sai ya zuba suga cokali huɗu yana sha yana cewa bai ji ba. Ya rame duk ƙasusuwan wuya sun fito, ga saurin fushi, ga rashin bacci. Maƙwabciyata tace in hana shi zaƙin gaba ɗaya wai shi zai maida shi ruwa. Gaskiya ne? Kuma wane abinci ne yake gyara ƙwaƙwalwa?

Nas Hauwa:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da ƙoƙari, Allah ya bada lada. Wannan kwaɗayin zaƙin ba shi kaɗai bane, sananne ne ga masu barin kodin da danginsa. Ƙwayar tana taɓa wajen jin daɗi ne a ƙwaƙwalwa, inda sinadarin dofamin yake aiki, to da aka janye ta sai jiki ya nemi abu mafi kusa da zai ɗan taɓa wajen, shine suga. Kuma kin san da yawansu dama a lemon kwalba suke juye sirop ɗin, bakin ya saba. Ni dai bazan ce ki hana shi lokaci ɗaya ba, faɗa kawai zaku yi ya fice daga gidan, kuma waje ne abin tsoron. Abinda zaki yi kar ki bari yunwa ta kama shi. In ya sha zaƙi cikinshi ba komai sugan jini zai hau da sauri ya faɗo da sauri, a wannan faɗowar ne zaki ga fushi da rawar jiki da rashin sukuni, shi kuma sai ya ɗauka ƙwayar ce take kiranshi alhali yunwa ce.

Ki riƙa bashi kaɗan kaɗan sau biyar ko shida, kar ki cika mishi kwano, ganin tulin tuwo ma kashe mishi sha'awa yake. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai ko ƙwai, da hantsi ayaba da gyaɗa, da rana wake da dankalin turawa ko gwaten acha da ganye sosai, da la'asar awara ko fura da nono. Wake da ƙwai da madara da kifi da waken suya su ne masu gina jiki, daga cikinsu jiki yake samun abinda yake haɗa sinadaran ƙwaƙwalwa irin su serotonin da dofamin. Kifin titus da sadin kuma suna da man omega 3. Mu da muke Jos ma ai Allah ya mana gata, ki shiga Farin Gada da sassafe kabeji da karas da koren wake da alayyahu gasu nan zube. Ganyen nan zai taimaka mishi ta wajen bayan gida don kodin yana busar da ciki sosai, wasu kuma in sun daina sai zawo ya biyo baya, in haka ta faru ki haɗa mishi ruwan gishiri da suga na ORS. Shayi mai ƙarfi da kofi da lemukan ƙara kuzari a daina daga la'asar in ana son bacci ya dawo.

Baban Walid, Bukur:
Hajiya ki samu zuma mai kyau da habbatus sauda da garin zogale ki riƙa dama mishi safe da yamma, wallahi maganin asibitin nan ma sai ya ajiye shi. Turawa kasuwanci kawai suke da mu.

Nas Hauwa:
Baban Walid zuma da zogale abinci ne masu kyau, a kwaɗa zogalen da ƙuli ma ya fi, amma dan Allah kar a ce ya ajiye magani. Binciken da ake yawan kafa hujja da shi a wannan fannin an yi shi ne a Ostireliya aka fitar a 2017, mutum 67 masu ciwon damuwa, wata uku, waɗanda aka gyara musu cin abinci kusan kashi 32 cikin 100 sun samu sauƙi sosai, ɗaya rukunin da ba'a gyara musu abincin ba kashi 8. Amma yawancinsu suna kan maganinsu ko ganin likita a lokacin, ƙari aka yi musu da abincin ba musanya ba. Kuma mutum 67 ai ba yawa bane, sannan akan damuwa aka yi ba akan shaye-shaye ba. Maman Ilham ki cigaba da kai shi ranar asibitinshi, ki kuma faɗa wa likitan zancen bacci da ramar nan.

Danladi, Tudun Wada:
Yaya ni na bi ta wannan hanyar, nawa giyar goskolo ce ba kodin ba. Mai shan giya baya cin abinci, giyar ce abincinshi, kuma tana hana jiki ɗaukar bitamin B1. Rashinshi ne yake kawo ruɗewa da tangaɗi ko ba'a sha ba da mantuwa mai tsanani wadda wani lokaci bata gyaruwa, ni allurarshi aka min kafin a koma ƙwayar bitamin ɗin. Ina faɗa ne saboda masu karantawa da suke da ɗan giya a gida, wanda ya daɗe yana sha sosai kar a kulle shi a ɗaki a ce ya daina yau yau, jijjiga tana iya kama shi har a rasa rai, asibiti ake kaiwa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, suna da sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa kuma ba sai wanda yake tsince-tsince a bola ake kaiwa can ba.

Abu ɗaya da zan ƙara, kar ki aika mishi da abinci ɗaki. Ƙanwar babana ce ta riƙe ni, ita bata san wani bitamin ba, amma ƙarfe bakwai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida duk sanyin Disamba sai na fito mun ci tare, in nace bana ci tace to zauna ka bare min gyaɗa, kafin in ankara na cinye rabin abinda na bare. Ki riƙa aikenshi cefane ma, amma da yaro a tare kuma kuɗin daidai.

Maman Ilham, Anguwan Rogo:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Baban Walid zan yi kwaɗon zogalen amma magani kam yana nan. Anti Hauwa gwaten achan nan da yakuwa ake yi ko alayyahu ya isa? Don baya son tsami, kuma shayin nan zan fara rage mishi suga zuwa cokali uku in gani ko zai gane.