Wai da gaske mutanen Kartaj suna ƙona 'ya'yansu ko sharrin Rumawa ne?

Mai_son_tarihi:
Salam 'yan uwa. Ina ta karanta labarin Kartaj, birnin nan kusa da Tunis ta yanzu da Rumawa suka ragargaza a shekarar 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), to abin da ya ɗaure min kai shi ne kusan duk abin da ake faɗa a kansu daga bakin abokan gabarsu ya fito, wai mayaudara ne basa cika alkawari, wai suna jefa jarirai a wuta don gunkinsu Ba'al Hammon. Abin ya tsaya min a rai wallahi, da gaske ne?

Baba_Malam:
Wa alaikas salam. Maganar yaudara kam kar ka ɗauke ta haka nan. Duba shekarar 149 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa suka ce a ba su yara 300 'ya'yan manya jingina, aka ba su, suka ce a miƙa makamai aka miƙa, sai da suka ga hannun mutane ba komai sannan suka ce kowa ya tashi ya bar gari ya koma nesa da teku. Ko ƙwace tsibirin Sardiniya da suka yi daga hannun Kartaj, Folibiyus, marubucin tarihi Bagirke da yake abokin Rumawan ne, ya ce zalunci ne. Kuma littattafan Kartaj ɗin an rabar wa sarakunan Numidiya maƙwabtansu, to wa zai kare su?

Yar_Zinder:
Baba na yarda da kai kan yaudara, amma batun jariran fa ba baki kawai ba ne. A 1921 an gano wani fili a Kartaj cike da tuluna dubbai, ciki ƙonannun ƙasusuwan jarirai, wasu har da na 'yan raguna, ga duwatsu da rubutunsu na kansu suna cewa sun cika alwashi ga gumakansu Tanit da Ba'al. Akwai masana da suka ce maƙabartar jariran da suka mutu wurin haihuwa ce, amma ni ragunan nan da alwashin su suka sa na karkata ga cewa an yi abin. Yawan ne nake shakka, irin na Diyodorus, wani marubucin tarihi Bagirke, da ya ce yara 200 aka ƙona a lokaci ɗaya a shekarar 310 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Baba_Malam:
Haka ne ƙanwata, na karɓa. Amma su ma Rumawan bayan Hanibal, kwamandan Kartaj, ya karya su a yaƙin Kanne a shekarar 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun binne mutum huɗu da ransu a cikin Rum, Girkawa biyu Galawa (mutanen ƙasar Gol) biyu, kuma marubucinsu Libi ne da kansa ya rubuta.

Mai_son_tarihi:
Inna lillahi, wannan ban taɓa jin sa ba. Na gode muku sosai, bari in nemo labarin filin tulunan nan.