Za mu kama bukaru a wani tsibiri na tafkin Lagdo da iyali, me ya kamata mu shirya?

Baban Hanifa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An nuna mini wani gidan haya a ɗaya daga cikin tsibiran tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, bukaru biyu masu rufin ciyawa da ɗan wurin girki. Mai gidan ya ce akwai sola, kuma tafiyar kamar minti 40 ce a jirgi mai inji daga bakin gaɓa. Mu bakwai ne: ni da maiɗakina, da Hajiya mahaifiyata mai fama da hawan jini, da yara huɗu, ƙaraminsu ɗan shekara 3. Kwana huɗu muke so. Hutun Agusta ya fi ko na Disamba? Me za mu ɗauka, kuma me zan tambaya kafin in tura kafin alƙalami?

Malam Iro mai gyaran inji, Lagdo

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka cire Agusta daga lissafi. Agusta da Satumba su ne tsakiyar damina, hadari yana haɗuwa cikin ɗan lokaci, kuma Lagdo ba kududdufi ba ne. Tun da aka tare Binuwai da madatsar da aka gama a 1982, ruwan ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 500, iska tana samun filin da za ta tayar da igiya mai cika jirgin katako. Disamba zuwa Janairu ya fi. Maris da Afrilu kuma zafi yana wuce digiri 40, Hajiya ba za ta ji daɗi ba.

Ko a Disamba, ku tsallaka da sassafe, kafin iskar hunturu ta tashi da hantsi. Ranar da hazo ya rufe gaɓa, a jira.

Maganar gida mai sauƙi ce, jirgin shi ne abin zama a tattauna. Ka tambayi mai gidan: jirgin nasa ne ko na haya? Zai kwana a tsibirin tare da matuƙinsa, ko zai sauke ku ya juya? In zai juya, to duk abin da ya faru da dare ba ku da mafita sai ta waya, wayar ma in akwai rezo, wato sabis. Ka biya kuɗin kwanan jirgi da matuƙi, ko da ya kai kuɗin ɗakin.

Kafin ku hau, ka duba da idonka. Inji mai doki 15 yana shan lita 6 zuwa 7 a awa in an buɗe masa wuta duka, mai doki 40 kuma wajen lita 20. A raba mai uku: na zuwa, na dawowa, da na ajiya wanda ba a taɓawa. Yawancin injinan nan sai an haɗa fetur da baƙin mai, rabin lita a lita 25 ga mai haɗin 50 da 1. Abin da ya fi kashe inji a tsakiyar ruwa shi ne fetur ɗin bakin hanya mai ruwa ko datti, sai buji da ya yi baƙi, sai ragar masunta da ta naɗe farfela. Don haka a samu buji biyu sababbi da sifanarsu, wuƙa, igiya, filafili biyu, da ƙwaryar kwashe ruwa.

Rigar ceto bakwai, kowa da tasa, a ɗaure tun a tudu. Ta babba ba ta yi wa yaro, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. A nemi ta yara mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Da wuya ka same ta a bakin gaɓa, ka nemo tun daga Garwa.

Dorina tana fitowa kiwo da dare, ta koma ruwa da asuba. Kada kowa ya tsaya tsakaninta da ruwa, kuma kada matuƙi ya matsa kusa da garke don yara su ɗauki hoto.

Maman Sadiya, ma'aikaciyar jinya, Marwa

Baban Hanifa, abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne wanka a tafkin. Yara suna ganin ruwa za su so faɗawa, kuma ruwa mai kwanciya irin wannan, mai ciyayi a baki, gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne. Ƙwayar ba sai an sha ba, ta fata take shiga, ko tsoma ƙafa aka yi. Alamar ba ta fitowa nan take, sai bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsari ko ciwon ciki. Ruwan wanka da na alwala, in daga tafki aka ɗebo, a bar shi a rufe kwana biyu, ko a tafasa a bari ya huce. In wani ya shiga duk da haka, a kai shi gwaji bayan wata biyu, maganinsa Praziquantel ne, gwargwadon nauyin jiki.

Ruwan sha da girki, ka lissafa lita 5 ga kowane mutum a rana. Ku bakwai, kwana huɗu da ƙarin kwana ɗaya na ko-ta-kwana, lita 175 ke nan, jarka bakwai masu lita 25.

Akwatin magani: gidan sauro mai magani ga kowace shimfiɗa, kada ka dogara da na gidan, sau da yawa a yage suke. Abin gwajin maleriya, maganin maleriya Coartem na kowane rukunin nauyi, farasitamol na yara da na manya, ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, kamar ƙulli 10 da zinc. In ORS ya ƙare, lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maganin Hajiya a ɗauki na kwana goma, a raba shi jaka biyu cikin leda, don kaya suna jiƙewa a jirgi.

Kububuwa tana da yawa a kwarin Binuwai. Kowa ya sa takalmi ya riƙe tocila da dare, a kakkaɓe takalma da safe saboda kunama. In kububuwa ta sari mutum, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai, don dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai daga baya jini ya ɓalle. Wannan kaɗai ya isa dalilin bin shawarar Malam Iro ta kwanan jirgi.

Ɗanlami mai sola, Ngaundere

Hajiya Maman Sadiya, lissafinki daidai ne, amma jarka bakwai kilo 175 ne, nauyin manya kusan uku. A haɗa da mutum bakwai da gas da abinci, jirgin zai nutse har baki. Gara kaya su riga ku da kwana ɗaya, a yi sawu biyu.

Shi kuma "akwai sola" ba amsa ba ce, Alhaji. Ka tambayi batir nawa ne, kuma mai ƙarfin nawa. Batir ɗaya na 100Ah a kan bolt 12 yana riƙe wat-awa 1,200, amma in irin na dalma ne rabi kawai ake ci, wato 600, in ba haka ba ya mutu da wuri. Fanka ɗaya mai wat 40 ta yi awa 10 ta cinye 400. Saura ƙwan fitila da cajin waya. Firiji babu maganarsa. Ga ƙurar hunturu tana rufe faranti, sai an goge kowace safiya. Ka ce ya kira ka ta bidiyo bayan isha'i ya kunna komai ka gani, kiran ma zai nuna maka ko Orange ko MTN ne ke kamawa a can. Ka tafi da layukan biyu da fawa-banki biyu cikakku.

In janareta ne, ya zauna nesa da ɗaki, a cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari kuma tana kashe mai barci. Haka garwashin da ake shiga da shi ɗaki saboda sanyin Disamba. A ɗauki barguna kawai.

Tukunyar gas mai kilo 6 ta ishe ku, a girka nesa da rufin ciyawa. Ƙanƙara a sayi dunƙule babba, ba ƙanana ba, a naɗe da buhu cikin kula, za ta kai kwana biyu ko uku in yara ba sa buɗewa kowane lokaci. Ɗanyen nama na rana ta farko ne kawai. Sauran kwanakin shinkafa, taliya, wake, gari, kilishi, albasa da tumatirin gwangwani. Karfasa da tarwaɗa, wani lokaci har giwan ruwa, za ku samu wajen masunta da safe, sai dai ku riƙe canji, ba wanda zai fasa muku takardar sefa 10,000 a tsibiri.

Alhaji Bala, Garwa

Kuɗi kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku kafin ku isa, kuma sunan da ya fito a Orange Money ya zama na wanda kuka yi magana da shi. A rubuta a saƙo: ranar shiga, ranar fita, kuɗin jirgi, wa ke sayen mai, da abin da za a yi in iska ta hana tsallakawa. Kafin ku hau ruwa ku biya ta jandarmari ku sanar, kowa da katin shaidarsa, in kun sauka kuma a je a gaida jauro, wato mai garin. Kada a sa hotuna a Facebook sai an dawo gida. In wani ya kawo maka tayin tsibiran tafkin Chadi wajen Darak don sun fi arha, ka ce masa a'a, wajen ba na kai iyali ba ne a halin tsaron da ake ciki.

Baban Hanifa, Garwa

Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da Disamba. Saura Hajiya: gwiwarta ba ta lanƙwasuwa sosai, anya za ta iya hawa jirgin?

Malam Iro mai gyaran inji, Lagdo

Za ta iya in an ja hancin jirgin kan tudu, mutum biyu suka riƙe ta, ta zauna a tsakiya kan tabarma da matashi, ba kan katakon gefe ba. Abin da za ka tambaya shi ne wurin sauka a tsibirin, yashi ne ko dutse, da nisansa zuwa ɗaki. Ka tambayi banɗakin ma. In na tsuguno ne, ka sayo mata kujerar roba mai rami ka sa a sawun kaya.