Wai me ya watsa gidajen gandu, masana'antu ne ko rabon gado?

'Yar aji biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin zamantakewa ku kawo min ɗauki, asaimen aka ba mu kuma ran Litinin za a karɓa. An ce mu ɗauki ra'ayin Talcott Parsons, Ba'amurken nan da ya ce wai duk inda masana'antu suka shiga sai babban gida ya watse a koma ƙaramin iyali, miji da mata da 'ya'yansu kawai, mu gwada shi da abin da muke gani a wajenmu. To ni abin da ya ɗaure min kai, gidanmu na ƙauye lokacin da kakanmu ke raye mun fi mutum 40, zaure ɗaya ake shiga, rumbuna a jere a tsakar gida, tuwon dare sai mata biyu sun kama muciya. Ya rasu ba a yi shekara biyu ba aka raba gona, kowa ya ja katanga ya fasa ƙofarsa, yanzu baffa ɗaya yana Kaduna ɗaya yana Legas. Amma fa garinmu babu masana'anta ko ɗaya, injin niƙa ne guda biyu. To me ya watsa mu? In rubuta Parsons ya yi daidai ko bai yi ba?

Tsohon malamin sakandare:

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki yanke wa Parsons hukunci fara sanin mene ne gandun tukuna, don yaran yanzu sun ɗauka zaman tare ne kawai. A'a, yarjejeniya ce ko da ba a rubuce take ba. Ɗa ko ya yi aure yana ƙarƙashin ubansa, ya yi masa noma tun safe har azahar, shi kuma uban ya ciyar da shi da matarsa daga rumbu, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, fartanya da garma duk wuyan maigida suke. Sannan a yanka wa ɗan 'yar gayauna ya riƙa nomawa da yamma da ran Juma'a, abin da ya samu nasa ne, ba mai tambayarsa.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana bin gidaje da gonaki, kuma ta ga gandun uba da 'ya'yansa yana da ƙarfi amma da zarar uban ya kwanta dama gandun 'yan'uwa ba ya daɗewa, sannan mai hali ne ke iya riƙe 'ya'yansa a gandu, wanda ba shi da gonar kirki ɗansa ficewa yake yi. Kin ga ke nan rabuwar da kuka yi bayan rasuwar kakanku tsohon abu ne, tun kaka da kakanni haka ake yi, gida ya cika ya fashe, kowane ɗa ya je ya tara nasa. Sabon abin shi ne baffanninki ba su sake tara wani gandun ba. A nan tambayarki take.

Dalilan kuwa a fili suke. Gonar da mutum ɗaya ya noma an raba wa 'ya'ya takwas, su ma za a raba wa nasu, ina za a samu filin da zai ciyar da 'ya'ya da surukai da jikoki har a yanka gayauna? Haraji da ke ɗaure ɗa da ubansa, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke shi da jangali da suka hau mulki a 1979. Ga boko, ga albashi, ga acaɓa, yaro ya samu kuɗin aurensa da kansa to me zai sa ya duƙa a gonar wani har azahar. Ni na ga wannan da idona a ɗalibaina, wanda ya fara kama kuɗi shi ke fara cewa ɗakin ya yi musu kaɗan.

Ɗan cirani a Agege:

Malam Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ni wlh ban yarda mun watse ba. Shekarata 14 a Legas, ɗaki ciki da falo nake haya, in mai ƙidaya ya zo zai rubuta ni da matata da yara uku ya ce ga ƙaramin iyalin Parsons ya gani. To bari in lissafa miki ƙanwata. Akwai ƙanin matata da ke koyon gyaran waya yana kwana a falo, akwai ɗiyar yayana marigayi da nake riƙo tun tana shekara huɗu, akwai samari biyu 'yan garinmu da ke kwana a shago amma a gidana suke cin tuwon dare, kuma duk wanda ya sauka daga mota daga gida lambata ake ba shi. Damina ta kama takin Baba ni ne, maganin hawan jinin Inna ni ne, za a aurar da ƙanwa sai a buɗe lissafi a gurup ɗin gida na WhatsApp a ce wane gado wane kujeru wane kayan kicin, in ka yi shiru kwana biyu goggo ta kira ka da kanta. A da gumi ake kai wa gandu, mu alat muke turawa. Bambancin kawai shi ne ba wanda ya yanka min gayauna, hhh.

Uwar 'yan biyu:

Ni dai duk sanda aka tayar da hirar gandu sai in lura maza ne ke kewarsa. Ku tambayi wadda ta zauna a matsayin matar ƙane a gida mai sassa goma. Mahaifiyata ta yi, ranar girkinta tun asuba take surfe da daka na mutum 30 da goyo a baya, uwar miji ce ke riƙe da makullin rumbu tana auna mata hatsi da ƙwarya, in tuwo bai isa ba laifinta ne in ya yi saura almubazzara ce. Ranar da babanmu ya gina ɗaki biyu a bayan gari suka tare, ta ce shi ne daren farko da ta yi barci ba ta ji ana kiran sunanta ba. Don haka ƙanwata ki sa a takardarki cewa akwai masanan da ke tambayar wa ke cin moriyar tsarin iyali kuma wa ke ɗaukar wahalarsa, su ba su yarda da Parsons ba da ya ce miji ya nemo mace ta kwantar masa da hankali shi ke nan kowa ya ji daɗi.

Kuma wannan maganar ta wai da can aure ba ya mutuwa, kowa na gidan ubansa, ba gaskiya ba ce. Baba ta Karo, wata tsohuwa mazauniyar ƙasar Zazzau da ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, aurenta huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar da su. Zawarci da riƙo da agolanci da zaman kishiyoyi duk muna da su tun kafin boko ya zo. Abin da ya canza shi ne a da in aurenki ya mutu akwai sashen da za ki koma a gidanku da rumbun da za ki ci, yanzu yayanki ma haya yake yi, matarsa na kallonki kina kallonta. Ai shi ya sa gwamnatin Kano ta shiga aurar da zawarawa ta hannun Hisbah tun 2012, a 2023 ma aka ɗaura aure 1,800 a lokaci ɗaya, har da gado da katifa da sadaki, wato hidimar da dangi ke yi a da. Ga kuma gidajen da mata ke riƙewa su kaɗai, na Borno da Zamfara da aka kashe mazajen, da waɗanda maigidan ya tafi cirani sai sallah sallah. Su ma iyali ne, ki ƙidaya su.

Mai neman digiri na biyu:

Anti ta gama magana. Abin da zan ƙara miki kawai, ko a can Turai an daɗe da taka wa Parsons birki. Peter Laslett, masanin tarihi na jami'ar Cambridge, ya bi tsofaffin takardun ƙauyukan Ingila ya ga tun kafin masana'antu gidajensu ƙanana ne, a matsakaici mutum biyar ba su cika ba. Michael Anderson kuma ya duba ƙidayar garin Preston na Ingila ta 1851, garin masaƙu, ya tarar kusan kashi 23 cikin ɗari na gidajen akwai wani dangi a ciki, don mai zuwa neman aiki wajen ɗan'uwansa yake sauka, wato dai labarin yayanmu na Agege ne sak. Kar ki rubuta ya yi daidai ko bai yi ba kawai, maki kaɗan za ki samu. Ki raba abu uku, wa ke kwana a gida ɗaya, wa ke ci daga tukunya ɗaya, wa ke ɗaukar nauyin wa. A gidan kakanku ukun a haɗe suke, yanzu kowanne ya kama hanyarsa. Kuma ki kira wani babba a gidanku ki tambaye shi yadda aka yi, ya fi handawut.

'Yar aji biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira kakata yanzu mun fi minti 20 a waya. Ta ce ai tun Malam, wato kakanmu, na da rai aka fara raba tukunya, shekarar da baffa na Kaduna ya fara aiko da kuɗi ya ce a riƙa dafa wa matarsa shinkafa daban don tana da ciki, sauran matan suka ce su ma ba bayi ba ne, kowacce ta kafa murhunta a ƙofar ɗaki. Ta ce Malam ya sani sarai amma bai taɓa cewa komai ba, sai dai kullum da magariba kwano huɗu ake jere masa a zaure maimakon ɗaya, shi kuma ya ɗan taɓa kowanne don kar wata ta ce an ƙi nata.