Yaya ake tsara kasafin ma'aikatar lafiya ta jiha idan abin da aka rubuta ba shi ake saki ba?

Sabon Jami'in Tsare-tsare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu da suka riga mu shiga wannan aiki. Wata bakwai ke nan da aka mayar da ni sashen tsare-tsare da ƙididdiga na ma'aikatar lafiya ta jiharmu, bana kuma ni aka ɗora wa haɗa daftarin kasafin baɗi. Takardar da ma'aikatar kasafi ke rabawa kowace shekara ta iso, ɗauke da iyakar kuɗin da ba a yarda mu haura ba. Da na zauna na ware albashi da alawus na likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da sauran ma'aikata, musamman ganin mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024, sai na ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

A kan wannan ɗan ragowar kowa ya zuba ido. Ana so a saka sabon babban asibiti a wata ƙaramar hukuma, hukumar kula da asibitoci tana kukan dizal da kuɗin wuta, hukumar lafiya ta matakin farko tana tuna mana kason da jiha za ta zuba kafin wasu kuɗaɗen waje su shigo, sashen walwalar marasa lafiya kuma yana neman abin biya wa marasa galihu magani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rahoton bara. A ɓangaren manyan ayyuka, abin da aka saki bai kai rabin abin da majalisa ta amince da shi ba, har na ga aikin gyaran wani ɗakin haihuwa da ya fito a kasafi shekara uku a jere, da kalmomi iri ɗaya, ba a kai ko buhun siminti ba. To me zan fifita? Kuma yaya ake rubuta kasafin da zai zama kuɗi a hannu, ya isa wurin mara lafiya?

Tsohon Darakta ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara daga inda ya kamata, tunda rahoton bara ka buɗe kafin ka ɗauki biro. Na yi shekaru a kan kujerar da kake kai, kuma abin da na fi nadama shi ne yadda muka ɓata ƙarfinmu wajen neman babban adadi a takarda. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka haɗu a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, daga nan wannan adadi ya zama ma'aunin da ake yabo ko zargin gwamna da shi. Alkawarin yana da kyau, ban taɓa raina shi ba. Sai dai jiha tana iya rubuta kashi 15 a watan Disamba ta sha tafi, shekara ta zagayo a tarar albashi kaɗai aka biya cikakke.

Dalilin kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya bi fayil da ƙafarsa. Amincewar majalisa izini ce ta kashe kuɗi, kuɗin kansa sai an nemo shi. Bayan gwamna ya sa hannu a dokar kasafi, sai ma'aikata ta rubuta takardar neman amincewa kan kowane aiki, babban sakatare ya duba, kwamishina ya miƙa, a jira amincewar gwamna ko majalisar zartarwa, sannan fayil ya gangara ma'aikatar kuɗi, daga can zuwa ofishin Akanta Janar, wanda shi kuma zai duba abin da ya shigo daga kason tarayya na wannan wata da harajin cikin gida. Idan hasashen kuɗin shiga an kumbura shi tun farko, dole wani ya rasa, wanda ke rasawa kuwa shi ne wanda fayil ɗinsa ya makara ko bai da mai bin sa.

Saboda haka shawarata ta farko, ka ɗauko abin da aka saki a zahiri cikin shekara uku da suka wuce, ka ɗauke shi a matsayin kasafinka na gaskiya, ka jera abubuwan da ba za a iya rayuwa babu su ba a cikinsa. Sauran buƙatu su biyo baya.

A cikin jerin nan, kason haɗin gwiwa ya zo a gaba, domin naira ɗaya a nan tana janyo wasu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun samar da kulawar lafiya ta asali da ake kira BHCPF, wanda gwamnatin tarayya ke zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigarta, an kuma fara saka shi a kasafin tarayya a 2018 da kimanin naira biliyan 55. Dokar ta raba shi: rabi ya bi ta hanyar inshorar lafiya, kashi 45 ya tafi ga magunguna da gyaran cibiyoyi da ma'aikatan matakin farko, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Ta kuma shardanta wa jihohi da ƙananan hukumomi su kawo kashi 25 na kuɗin ayyukan da za a yi musu. Jihar da ta yi sakaci da nata ɓangaren, talakawanta ta cuta.

Bayan wannan sai kuɗin gudanarwa, wanda shi ne marayan kowane kasafin da na taɓa gani. Ba a yanka masa kintinkiri, ba a kiran 'yan jarida ranar da aka sayi dizal ko sinadarin ɗakin gwaji, shi ya sa ake fara zaftare shi. Game da sabon asibitin kuwa, kada ka yi jayayya da kowa. Ka haɗa takarda shafi ɗaya da ke nuna ma'aikata nawa zai buƙata, albashinsu nawa ne a shekara, wuta da ruwa da magani nawa, ka liƙa ta a jikin kuɗin ginin, domin mai yanke hukunci ya ga nauyin gaba ɗaya kafin ya ɗauka. Na sha ganin wannan shafi ɗaya ya mayar da sabon gini zuwa gyaran tsohon da ke akwai.

Sannan ka tuna farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kason jihohi ya ƙaru a lissafin naira, gaskiya ne, amma yawancin magunguna da kayan aikin asibiti daga waje ake shigo da su ko sinadaransu. Wanda ya kwafi farashin bara ya ɗora kashi 10 ya yaudari kansa. Ka aika a tambayo farashin yau a ma'ajiyar magunguna ta jiha da kasuwa.

Ungozoma daga Karkara ta amsa:

Baba Darakta, Allah ya ƙara lafiya, ka faɗi abin da muke gani da idonmu. Ni ce mai kula da wata ƙaramar cibiyar lafiya, kuma abin da nake roƙon ɗan'uwanmu mai tsara kasafi shi ne ya rubuta lokaci a gefen kowane adadi. Cuta tana da kalandarta. Zazzaɓin cizon sauro da damina yake cika mana benci, daga Yuli zuwa Oktoba ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafinsa gida-gida, sanƙarau da zafin bazara yake zuwa, amai da gudawa kuma yana bin ambaliya, tamowa tana tsananta kafin sabon hatsi ya shigo. Kuɗin da aka saki a watan Nuwamba don aikin damina ya zo bayan an yi jana'iza.

Wata shekara batirin solar da ke riƙe firjinmu ya mutu ana tsakiyar zafi. A firjin nan muke ajiye alluran rigakafi da allurar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wadda zafi ke kashe ƙarfinta. Kuɗin batirin bai kai na fentin katangar da aka yi mana a shekarar ba, amma babu layinsa a ko'ina. Sati shida muna ɗora akwatin ƙanƙara a bayan babur zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma da asuba, mu dawo kafin rana ta take, matan da suka zo awo suna zaune a tabarma suna jiranmu. Daga baya da kuɗin BHCPF suka fara shigowa asusun cibiyar kai tsaye, ni da shugaban kwamitin raya mazaɓa muke sa hannu, irin wannan matsala a kwana biyu muke kashe ta. Kuɗin ba su da yawa, wani lokacin ma suna makara, amma suna hannun wanda ya san inda rufi ke yoyo.

Abu na biyu, a dubi maganar ma'aikata. Ungozomomin da suka yi ritaya a yankinmu ba a maye gurbinsu ba, dare kuma masu aikin sa kai ne ke riƙe da shi.

Mazaunin Texas ya amsa:

Ina gaishe da Baba da Hajiya. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, inda hukuma ɗaya ce ke riƙe da lafiya da walwalar jama'a tare: shirin Medicaid na marasa ƙarfi, rajistar tallafin abinci, kula da masu buƙata ta musamman da asibitocin masu taɓin hankali na jiha. Majalisarsu sau ɗaya take zaman doka a shekara biyu, na kwana 140, don haka kasafin shekara biyu ake yi, yana fara aiki ranar 1 ga Satumba, kuma ba ya zama doka sai babban jami'in kuɗi na jiha ya tabbatar cewa kuɗin shiga za su ɗauke shi.

Matsalarsu ta sha bamban da tamu. Medicaid, wanda aka kafa a 1965, haƙƙi ne: duk wanda ya cika sharaɗi dole a biya masa, gwamnatin tarayya ta ɗauki aƙalla rabi, a Texas wajen kashi 60, jiha ta cika sauran. Saboda haka kasafin yana tsayawa ne a kan hasashen mutum nawa za su shiga da abin da kowanne zai ci. Su ma suna da nasu dabarun ɓoye giɓi. A 2011 majalisa ta ware wa Medicaid ƙasa da abin da kowa ya san za a kashe, a 2013 aka dawo aka cike ramin da ƙwarya-ƙwaryar kasafi ta sama da dala biliyan 4. Ayyukan da ba haƙƙi ba kuwa, kamar kula da masu buƙata ta musamman a gidajensu, jerin jira ake shiga, wasu su shafe fiye da shekara goma.

Abin da nake ganin za a ɗauka daga can shi ne a fara lissafi daga mutane: mata nawa ake sa ran za su haihu a jiha baɗi, yara nawa za a yi wa rigakafi, marasa galihu nawa za a biya wa inshora, kowanne nawa zai ci. Tunda dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a Najeriya, ta kuma tanadi asusun masu rauni, akwai madogara.

Tsohon Darakta ya sake amsawa:

Malam na Texas, hanyarka ita ce daidai, sai dai ƙidayar jama'a ta ƙarshe da muka yi ta 2006 ce, duk abin da ya biyo baya hasashe ne a kan hasashe. Ina ba ɗanmu shawara ya haɗa da rajistar awon ciki da ta haihuwa da cibiyoyi ke aikowa kowane wata, ko da ba su cika ba.

Akwai kuma abu biyu da ban ambata ba ɗazu. Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya nuna mana cewa maganin ƙanjamau da na tarin fuka da kayan gwajin zazzaɓi sun daɗe suna rataye a wuyan baƙi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, don haka a buɗe musu layi a kasafin jiha ko da da kaɗan za a fara. Wasu jihohi sun nemi mafita ta hanyar doka, kamar Kano da ta kafa asusun amana na lafiya a 2017, wanda aka tsara zai riƙa samun kashi 5 na harajin cikin gida da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi, kodayake irin wannan asusu ma sai an bi shi wata-wata kafin a zuba. Na biyun shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Albashin ma'aikatan matakin farko da dama daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, saboda haka ka nemi a rubuta a fili wanda zai biya su baɗi, kada a wayi gari kowa yana nuna ɗan'uwansa.

Sabon Jami'in Tsare-tsare ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karɓo alƙaluman sakin kuɗi na shekara uku daga ofishin akanta, na kuma fara haɗa shafin nan na nauyin sabon asibiti, zan kai wa babban sakatare ranar Litinin. Hajiya, na buɗe layi na musamman don gyaran sola da firji, na rubuta a gefensa cewa a sake shi a zangon farko na shekara, kafin zafi. Abin da ya rage mini shi ne zaman kare kasafi a gaban kwamitin lafiya na majalisa, wanda ban taɓa halarta ba. Baba, idan 'yan kwamiti suka nemi a cusa ayyukan mazaɓunsu ba tare da an ɗaga mana iyaka ba, daga wane layi kuka saba bari a cire, wanne kuma kuke tsayawa a kai ko da za a ɗage zaman?