Abin da aka ce wa ƙanena a majalisar Mabera

Jiya bayan isha'i a wurin mai shayi a unguwar Mabera da ke Sakkwato ƙanena ya nuna mana bidiyon Nick Fuentes, wani Ba'amurke mai sharhin siyasa a intanet, yana caccakar Isra'ila, wai ga Baturen da ya tsaya wa Falasɗinawa. Nan fa zance ya ɓarke, ga abin da na tsinta.

Wani Malam, wanda ya daɗe yana bin siyasar Amurka a rediyo, ya ce masa yaro kafin ka tura bidiyon mutum ka san waye shi tukuna, wanga mutum ya sha yabon Hitler kuma fifikon farar fata yake wa'azi, kai baƙin Basakkwace ina ka fito a lissafinsa? Ya ce 'yan jam'iyyar Republican ta Amurka ma kansu ya rabu a kan Fuentes, da mai gabatar da shirye-shirye Tucker Carlson ya yi hira da shi a Oktoban 2025 shugaban Heritage Foundation, gidauniyar masu ra'ayin riƙau, Kevin Roberts ya kare Carlson, su mai sharhi Ben Shapiro da Sanata Ted Cruz suka yi ca, har wasu suka bar gidauniyar. Kuma rigimar masu ra'ayin riƙau da masu tsattsauran ra'ayi na cikinsu tsohuwa ce, tun 1962 marubuci mai ra'ayin riƙau William Buckley ya yi fito-na-fito da shugaban John Birch Society, wata ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi.

Wani ya ƙara da cewa a daina yanke hukunci da guntun bidiyon TikTok, a nemi cikakkiyar hirar. Ni wannan ta fi kama hankalina, duk da data ta yi tsada wallahi.

Ƙanen nawa dai bai goge bidiyon ba, ya ce sai ya bincika da kansa.