Gyaran tsofaffin ƴan kawunan jirgin ƙasa

Ga abin da na tsinta a hirarmu da masu tara ƴan ƙananan jiragen ƙasa na wasa masu aiki da lantarki. Kusan kowa ya ce in ka samo tsohon kan jirgi kar ka yi saurin ba shi wuta, buɗe shi tukuna, don tsohon giris yakan daskare a giya har injin ya ƙone. Goge tayoyin da auduga da sifirit, mai kuwa ɗigo ɗaya da bakin allura ya isa, wanda ba ya cin roba, ban da man feshin nan WD-40. Yawancin HO da OO (sunayen girman ƴan jiragen ke nan) wutar DC suke sha, amma tsohon jirgin kamfanin Märklin wutar AC yake sha fa, a kula. A kan fenti aka yi ta musu, ni dai ina bayan masu cewa a bar na asali ko da ya koɗe.