Daga ina ya kamata kyamarar ribas ta ɗauki wuta a mota mai ɗakin kwana?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Jamus, kuma ina da mota mai ɗakin kwana da kicin wadda aka gina a kan shasin Fiat Ducato ƙirar 2015, tsawonta mita bakwai. Da yake bayanta a rufe yake ruf, madubin ciki ba ya nuna komai, shi ya sa na sayi kyamarar ribas da allonta, tare da waya mai baki huɗu mai tsawon mita 15. Abin da ya shige mini duhu shi ne motar batir biyu gare ta, na tayar da inji da kuma na ɗaki wanda fitilu da famfon ruwa suke sha. Takardar kyamarar ta ce a jona jar wayar a fitilar ribas, wani maƙwabcina kuma ya ce in ɗauko daga batirin ɗaki tunda shi ya fi kusa. Ni kuwa ina so in riƙa ganin baya ko da ina tafiya a kan babbar hanya. Masana, wanne ne daidai?

Rewaya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Duka shawarwarin biyu ba za su biya maka bukata ba. Idan ka jona a fitilar ribas, kyamarar ba za ta samu wuta ba sai ka sa giyar baya, ke nan ganin hanya yayin tafiya ya faɗi. Ga kuma abin da ya fi wannan muhimmanci: a motocin wannan zamani ƙwaƙwalwar mota ce take sarrafa fitilun baya, tana auna yawan wutar da kowane ƙwai yake ja domin ta gane wanda ya mutu, saboda haka ƙarin kaya a layin yana iya kunna alamar gargaɗi a dashbod, ko ya sa hoton ya riƙa ƙyaftawa.

Batirin ɗaki kuwa yana da nasa aibin. Idan kyamara tana sha daga can, allo kuma yana sha daga batirin inji, kowannensu da inda ya ɗaura at ɗinsa (wato wayar negatif da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota), to ɗan bambancin da ke tsakanin wuraren biyu zai bi ta wayar hoto, ka ga layuka suna gudu a allon musamman idan inji yana aiki. Sannan kyamarar za ta kwana tana cin wuta motar na ajiye.

Wayarka mai baki huɗu ta riga ta warware matsalar, domin tana ɗauke da wuta da at da hoto duka a cikinta. Ka ba allon wuta a gaba, daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, ka sa fiyus na amfiya 3 kusa da inda ka ɗauko, allon kuma ya tura wa kyamarar. Fitilar ribas ba ta da wani aiki face sanar da allon cewa an sa giyar baya, ta wayar sanarwa da za ka ja daga fitilar zuwa allon.

Injiniya daga Maraɗi:
Bayanin Baba ya gamsar, sai dai ina so in ƙara a kan wayar sanarwar. Abin da take ja ƙanƙani ne ƙwarai, shi ya sa a motoci da yawa jona ta kai tsaye ba ya haifar da komai. Amma idan allon ya riƙa sauya hoto da kansa ba a sa giya ba, sai a shigar da rile, wato ɗan makunnin da wuta take kunnawa da kanta: ƙafa ta 86 zuwa fitilar ribas, ta 85 zuwa at, ta 30 zuwa layin makulli mai fiyus, ta 87 zuwa allon. A zaɓi rile mai dayod a ciki (ɗan abin da yake barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai) domin kare ƙwaƙwalwar motar, kuma kada a juya ƙafafun 85 da 86. A nemo wayar fitilar da mitar gwada wuta, ba da launi ba, saboda kamfanin da ya gina ɗakin yakan ƙara tsawon wayoyin baya da nasa launukan.

Baban Sadiya:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, saura hanyar da wayar za ta bi. Ta ƙarƙashin mota ya fi ko ta cikin ɗaki?

Rewaya Mai Ritaya:
Ni na fi son ta ciki, ta bayan kabad ɗin sama, domin can babu ruwa babu zafi, amma ka raba ta da wayoyin wutar gida mai volt 230 da na'urar caji. In dole sai ta ƙasa, ka zura ta a roba mai kariya, ka ɗaure ta a jikin shasi nesa da salansa. Inda na fi ji maka tsoro shi ne ramin da za ka huda a bangon baya, domin bangon faiba ne ko alminiyam da soso a tsakiya, wani lokaci har da katako, kuma ruwan da ya shiga yakan daɗe yana ruɓar da shi kafin a lura. Ka cike ramin da wuraren sukurori da gam irin Sikaflex, ka lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kaɗan kafin ta shiga domin ruwa ya ɗige a waje. Kafin ka huda komai, ka shimfiɗa wayar a ƙasa, ka haɗa duka kayan, ka tayar da inji ka tabbatar hoton ya fito tas, kuma hagu da dama suna nunawa kamar yadda madubi yake nunawa.